Me Ya Sa Likitoci Ke Son Fayil Ya Koma Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibitin gwamnati ya san ɗakin kati. Can ake fara layi tun da asuba, can kuma ake yawan ce wa mutum fayil ɗinsa ya yi ɓatan dabo, sai dai a buɗe masa sabo. Daga nan aiki ya dawo ɗanye: a sake tambayoyi, a sake gwajin jini, a sake biyan kuɗi.

Shi ya sa likitoci da dama ke goyon bayan adana bayanan majinyata a kwamfuta, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila jinyarsa ta shekaru ce, kuma likitan da ya ga awon bara shi zai gane ko magani na aiki. Manhaja takan yi gargaɗi idan an rubuta wa mutum penisilin alhali jikinsa bai karɓe shi ba, ko an haɗa masa magunguna biyu da ba sa jituwa. Mai ba da magani ma ya huta da canki-cankar rubutun likita.

Ba sai ƙasa ta yi arziki ba. Manhajar OpenMRS, wadda kyauta ake samun ta, ta samo asali ne a 2004 daga aikin kula da masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta ƙasar Kenya, kuma cibiyoyin ƙanjamau da yawa a Najeriya da irinta suke aiki. Kwamfuta kuma takan tsare bayanai idan bala'i ya auku: a 2005, guguwar Katrina ta lalata ɗimbin fayilolin takarda a New Orleans, amma bayanan tsofaffin sojojin Amurka da ke kwamfuta sun tsira. Ambaliyar da ta shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a Satumban 2024 ta isa ta tunatar da mahukunta.

Likitocin suna da ƙorafi kuma. Wani bincike a Amurka a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci, yakan ƙara kusan awa biyu yana cike bayanai. A Mayun 2017, harin intanet na WannaCry ya sa asibitocin Ingila soke ganawa da likita kusan 19,000. A Arewa kuwa babbar fargaba ita ce a ɗauke wuta ana tsakiyar duba mara lafiya.

Waɗannan ba dalilan komawa takarda ba ne, sharuɗɗan yin aikin da kyau ne. Gwamnan da zai sayo kwamfutoci ya haɗa da sola, ya horar da ma'aikatan ɗakin kati, ya kare sirrin majinyata kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Ya kuma zaɓi manhajar da za ta bar likita a Kano ya karanta abin da takwaransa ya rubuta a asibitin Bichi.