Kintacen Daren Zaɓe Zato Ne

Abin da gidajen labarai na Amurka ke shelantawa a daren zaɓe kintace ne. Sukan duba ƙuri'un akwatuna kaɗan su yi wa saura ƙiyasi, tamkar falken da ya damƙi hatsi a bakin buhu ya yanke wa buhun kuɗi. Galibi sukan dace, amma malamai sun san zato bai kai yaƙini ba, bai kuwa cancanci a hana ido barci dominsa ba.

A 1948 jaridar Chicago Tribune ta buga cewa Dewey ya kayar da Truman, alhali ana cikin ƙirga. Shi kuwa Truman ya tafi ya yi kwanciyarsa. Da aka kammala, ya sami wakilai 303, Dewey 189.