Fim Ɗin The Bodyguard: Masu Kallo Na Jimamin Rabuwa, Sun Manta Da Wadda Ta Biya Kuɗin Kisa

Idan aka ambaci fim mai suna Bodyguard a ƙasar Hausa, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga na Indiya, wanda Salman Khan da Kareena Kapoor suka fito a cikinsa a shekarar 2011. Wanda nake nufi a nan ya girme shi da kusan shekara ashirin. Shi ne na Amurka, The Bodyguard, da ya fito a 1992, inda Kevin Costner ya fito a matsayin Frank Farmer, tsohon jami'in tsaron shugaban ƙasa, mawaƙiya Whitney Houston kuma ta fito a matsayin Rachel Marron, tauraruwar da ake neman ranta. Fiye da shekara talatin ke nan, amma masu kallo ba su gama ja-in-ja a kansa ba, kuma wayar hannu ta sake kawo shi gaban matasan da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi.

Tun ranar da ya fito ra'ayi ya rabu biyu. Masu sharhin fina-finai a jaridu, galibinsu, sun kushe shi, suka ce labarin ba shi da zurfi, jaruman biyu kuma ba su dace da juna ba. Har sunansa ya shiga wuri bakwai a jerin Golden Raspberry, wato kyautar ba'a da ake ware wa fina-finan da suka fi muni a shekara. Jama'ar gari kuwa suka yi kunnen uwar shegu da wannan hukunci, suka cika gidajen sinima. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 25 ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya, Aladdin ne kaɗai ya fi shi ciniki a waccan shekarar. Faifan waƙoƙinsa ya sayu fiye da kwafi miliyan 45, kuma har yanzu babu faifan waƙoƙin fim da ya kamo shi. Babbar waƙar ciki, wadda asalinta ta Dolly Parton ce tun 1973, ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin Billboard.

Ba ina tallata fim ɗin ba ne. Akwai wurare a cikinsa da magidanci ba zai so su bayyana a falonsa yana zaune da 'ya'yansa ba, batun kiɗa da waƙa kuwa malamai sun yi bayaninsa, ba ni da abin ƙarawa. Abin da ya ja hankalina shi ne irin abubuwan da masu kallo suke muhawara a kai. Idan ka saurare su, maganar ba ta wuce ɗaya daga cikin waɗannan: ko Costner ya cika ɗaure fuska, ko muryar Whitney ce kaɗai ta ceci fim ɗin, ko kuma, wanda ya fi yawa, me ya sa aka raba masoyan biyu a ƙarshe. Wasu kan yaba da cewa an nuna soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata ba tare da an mai da launin fata abin magana ba, kuma a Amurkar 1992 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk waɗannan ra'ayoyi suna da madafa. Sai dai a ganina sun bar jaki suna dukan taiki.

Mu fara da masu jimamin rabuwar, tunda su suka fi yawa. A wajensu Frank mutum ne mai taurin zuciya, wanda ya samu so ya yi wasa da shi saboda aiki. Amma mai karatu ya duba yadda labarin da kansa ya jera abubuwa. An ɗauko Frank ne saboda wasiƙun barazana da ake aiko wa Rachel, waɗanda manajanta da mai kula da tallarta suka ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi. Ya zo ya tarar da gida a buɗe, kowa na shiga na fita, ya gyara ƙofofi, ya kafa na'urorin sa ido, ya koya wa direba tuƙin tsira. Har zuwa nan aikinsa ba shi da aibi. Sannan suka fita tare su biyu, suka kalli wani tsohon fim na Japan mai suna Yojimbo, wanda ma'anar sunansa ita ce mai tsaron lafiya, suka ƙare a gidansa, abin da bai kamata ya faru ba ya faru. Da gari ya waye shi da bakinsa ya ce ya yi kuskure, domin ba zai iya tsare wadda zuciyarsa ta ɗamfaru da ita ba.

Me ya biyo baya? Rachel ta ji an wulaƙanta ta, ta shiga karya duk wata dokar tsaro da ya gindaya don ta ƙuntata masa. A wani otal a Miami ta ja wani tsohon abokin aikinsa, Greg Portman, zuwa ɗakinta don kawai ta sa shi kishi. Wannan Portman shi ne makashin da aka yi haya don ya kashe ta. Wato daren da masu kallo suke kira ƙololuwar soyayya shi ne ya yi sanadin da ta buɗe wa mai neman ranta ƙofa da hannunta. Marubucin labarin, Lawrence Kasdan, bai ɓoye wannan ba. Masu kallo ne suka zaɓi su riƙe waƙar su saki darasin, kuma ban ga laifinsu sosai ba, don waƙar ta fi darasin daɗin ji.

A nan ne batun ya taɓo abin da muka sani a addini. Gadi aiki ne mai daraja. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa wani dare a Madina Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi fatan a samu wani salihin mutum cikin sahabbansa ya yi gadinsa, sai aka ji motsin makami, ashe Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya zo da kansa. Abin lura shi ne siffar da aka ambata, wato salihanci, kafin a yi maganar ƙarfi ko iya riƙe makami. Mai gadi yana ganin abin da baƙo ba ya gani. Ya san lokacin barcin mutanen gida, ya san inda suke da rauni, ya san ranar da suke cikin tsoro. Mace mai firgici da ta jingina da wanda ke kare ta ba a daidai take da shi ba a wannan hali, ko da ita ce mai biyansa albashi, ko da ita ce ta fara nuna sha'awa. Shi ya sa hanin da shari'a ta yi na keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba bai ware amintacce ba. Frank amintacce ne ta kowace fuska da fim ɗin ya nuna, kuma amincin nasa ne ya sa babu wanda ya ga abin damuwa a fitarsu su biyu.

Wannan ba matsalar attajiran Los Angeles kaɗai ba ce. Direban da ke kai yara makaranta, malamin da ke zuwa gida koyar da darasi, ɗan uwan miji da aka bar wa kula da gida lokacin tafiya, duk masu riƙe da irin wannan amana ce. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi amanar tsaro ya karɓi har da tsare mutanen gidan daga kansa.

Sai kuma babban abin da na ce ana tsallakewa. A tsawon fim ɗin ana nuna wa mai kallo wani mutum mai taɓin hankali da ke yanka haruffa yana haɗa wasiƙun barazana, kowa ya ɗauka shi ne makashin. Wannan tsoro yana da tushe a zahiri, kuma Amurkawan da suka shiga sinima a 1992 sun san shi. An harbe mawaƙi John Lennon a ƙofar gidansa a New York a watan Disamba na 1980. Wanda ya harbi Shugaba Ronald Reagan ranar 30 ga Maris 1981 ya yi haka ne don ya burge 'yar fim Jodie Foster, kuma a ranar wani jami'in tsaro mai suna Tim McCarthy ya tare harsashi da jikinsa. A 1989 wani da ya daɗe yana bibiyar 'yar fim Rebecca Schaeffer ya kashe ta a ƙofar gidanta, abin da ya kai jihar Kalifoniya ga kafa dokar farko a Amurka ta hana bibiyar mutane a 1990. Fim ɗin ya jingina da wannan tarihi, har ya sa Frank yana ɗauke da nadamar cewa ba ya bakin aiki ranar da aka harbi Reagan, domin ya tafi jana'izar mahaifiyarsa.

Amma da gaskiya ta fito, mai wasiƙun ba shi ne ya nemi ran Rachel ba. 'Yar'uwarta Nicki ce, wadda suke zaune gida ɗaya, suke ci tare, take kula mata da ɗanta Fletcher. Ita ma mawaƙiya ce tun suna yara, ita ta fara kafa ƙungiyar kiɗa, Rachel ta shigo daga baya ta dusashe ta. Shekaru tana tsaye a gefe tana kallon ana tafa wa 'yar'uwarta, har wata rana cikin maye ta je ta biya kuɗin kisa gaba ɗaya, ga mutumin da ko fuskarsa ba ta sani ba, ta yadda da ta yi nadama babu hanyar janyewa. Nadamar ma ba ta zo ba sai da bom ya tashi da kwale-kwalen da yaron ya hau, ya tsira da ƙyar. A daren da ta faɗa wa Frank gaskiya, makashin da ta yi haya ya shigo gidan ya harbe ta.

Wannan ne ƙashin bayan labarin, amma da wuya ka ji mai kallo ya tsaya a kansa fiye da jimla ɗaya. Ina ganin dalilin bai wuce cewa hassadar cikin gida ba ta da daɗin tattaunawa ba. Mahaukacin da ke waje kowa na iya tsine masa hankali kwance, domin ba ya kama da kowa a cikinmu. Nicki kuwa tana kama da mutanen da muka sani, wani lokaci tana kama da abin da mutum kan ji a ransa ranar da ƙaninsa ya samu abin da shi ya daɗe yana nema. Kisan farko a bayan ƙasa tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu ne, kuma waɗanda suka jefa Annabi Yusuf, Alaihis Salam, a rijiya 'yan'uwansa ne. Ko a duniyar mawaƙa, fiye da shekara biyu bayan fitowar fim ɗin, a watan Maris na 1995, matar da ke shugabantar ƙungiyar masoyan mawaƙiya Selena ce ta harbe ta a jihar Texas. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba na wanke Rachel a nan. Fim ɗin ya nuna ta mai son 'yar'uwarta, amma son da bai taɓa tsayawa ya tambayi halin da ɗayar take ciki ba. Ta mai da ita ma'aikaciya a gidanta, ta ɗauka ciyarwa da tufatarwa sun wadatar. Masu wadata da yawa haka suke yi da danginsu, sai su yi mamaki ranar da abin ya fashe. Wannan ba uzuri ba ne ga mai hassada, laifinta nata ne. Amma Frank, da duk na'urorinsa da ƙwarewarsa, ya yi makonni a gidan yana binciken katanga da tagogi, bai ga abin da ke zaune a teburin cin abinci ba.

Akwai masu cewa ai fim ne kawai, a bar mutane su ji daɗinsu. Na yarda ba kowane kallo ne zai zama darasi ba. Sai dai ɗalibin da ya kalli fim sau uku, ya haddace waƙarsa, ya fita da fahimtar cewa mai riƙe da amana da ya ja da baya shi ne mai laifi, wannan ya ɗauki wani abu ko bai sani ba, kuma zai tafi da shi wurin aiki da gidan aure. Ƙarshen fim ɗin, inda Frank ya tare harsashi a wajen bikin kyautar Oscar sannan suka yi sallama a filin jirgi kowa ya kama gabansa, shi ne wuri mafi gaskiya a cikinsa, kuma shi ne wurin da masu kallo suka fi ƙi.

Ita kanta Whitney Houston tana da mai tsaron lafiya na gaske a shekarun da aka yi fim ɗin, wani tsohon ɗan sandan Birtaniya mai suna David Roberts, wanda ya yi mata aiki daga 1988 zuwa 1995. A wani fim na tarihin rayuwarta da aka fitar a 2017, ya ce ya rubuta rahoto ga masu kula da harkokinta yana gargaɗi kan miyagun ƙwayoyi da ke yawo a kewayenta, kuma amsar da ya samu ita ce an sallame shi daga aiki. Ranar 11 ga Fabrairu 2012 aka same ta ta rasu a bahon wanka a wani otal da ke Beverly Hills, tana da shekara 48, ana gobe bikin Grammy. Binciken likitoci ya ce nutsewa ce ta haɗari, tare da ciwon zuciya da hodar ibilis a matsayin abubuwan da suka taimaka. Kevin Costner na cikin waɗanda suka yi jawabi a wajen jana'izarta a birnin Newark.