Kan Jita Ake Saye Ko Muryarta?

Masu iya magana sun ce tsadar tsumma ba ta mai da shi alkyabba, kuma da wannan muke son mu tsoma baki cikin wata gardama da ta shigo tsakanin matasan makaɗa na garin Gombe, wato masu kaɗa jitar lantarki a majami'u da wuraren biki da 'yan ɗakunan ɗaukar waƙa da ke Tudun Wada da Jekadafari da sauran unguwanni. Gardamar ita ce: kamfanonin da aka san su da jita mai rahusa sun fara fito da wata mai tsada, shin ta cancanci kuɗinta? Amsarmu ita ce ba ta cancanta ba, amma ba don dalilin da 'yan ƙarya suke bayarwa ba.

Sai mun ɗan koma baya kafin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙar. Manyan sunaye biyu ne suka mamaye wannan sana'a a Amurka, Fender da Gibson, kuma kowannensu yana da ƙaramin suna da yake sayar wa marasa ƙarfi kaya da shi. Gibson ya sayi Epiphone a 1957. Fender kuwa ya fara fitar da jita da sunan Squier a 1982, ana ƙera ta a Japan. Yau mafi yawan irin waɗannan kaya daga Sin da Indunusiya suke fitowa. Manufar tun asali a fili take: yaron da ba shi da kuɗin doki a ba shi jaki mai lafiya ya hau.

To, sai ga shi a 2023 Epiphone ya fito da kwaikwayon wata shahararriyar jita ta 1959 da ake yi wa laƙabi da Greeny, wadda ta bi ta hannun Peter Green da Gary Moore kafin ta zo hannun Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica, aka sa mata kuɗi dala 1,499. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ke nan ana maganar wajen naira miliyan 2 da dubu 250, tun ba a zo ga kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwar Alaba ba. A wannan shekarar ce aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: albashin wata 32, ba ci ba sha.

'Yan ƙarya suna cewa asara ce, wai don ba Gibson aka rubuta a kanta ba. Wannan magana ba ta da tushe. John Lennon ya daɗe yana kaɗa Epiphone, duniya kuma ba ta toshe kunne ba. Squier ɗin farko da aka yi a Japan, yau neman su ake yi ruwa a jallo. Ita ma wannan mai tsadar ba mu ce aikin banza ba ce, domin kuwa maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya na Gibson ne na Amurka aka sa mata. Sai dai a dubi abin da aka fi kururutawa lokacin da ta fito: wai an yanka kanta, can inda ake ɗaure tsirkiyoyi, da siffar kan Gibson. Jama'a, kai yana kiɗa? Abin da ake tallatawa shi ne kusanci da babban gida, a hango ka daga nesa a zaci ɗan sarki ne. Wanda ya ƙi ta don ba Gibson ba ce da wanda ya saye ta don ta yi kama da Gibson, duk kanwar ja ce, suna suke yi wa fadanci.

Mu da muke karantar da adabi mun san wannan cuta, don muna ganin ɗalibi yana auna littafi da kaurin bango da sunan maɗaba'a. Amma bari mu bar wannan.

Abin da ya fi damun mu shi ne ba a yi wannan kaya da Gombe a rai ba. Jitar lantarki ita kaɗai kurma ce, sai an haɗa ta da na'urar ƙara sauti da lasifika, su kuma sai da wuta tsayayya. Wanda ya zuba miliyan biyu a jita sannan ya jona ta a lasifika mai ƙarar tsohon rediyo, kan janareto mai hawa da sauka, ya ɗaura wa jaki sirdin azurfa ne. Sannan ga hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan bushe ƙarau, itacen wuyan jita ya tsuke, ƙarafan da ke gicciye a kansa su turo baki suna yankar yatsa, wuyan ma ya ɗan karkace. Ƙura kuma ta shige maɓallan ƙara murya har su riƙa ƙarƙara. Hunturu ba ya tambayar farashi. Gyaran wannan aikin gwani ne mai haƙuri, kuma jitar kuɗi kaɗan da ta sami irin wannan hannu ta fi mai tsadar da ba a taɓa saita ta ba daɗin kaɗawa. In kuma rana ta ɓaci aka tashi sayarwa, wa zai saya? Ɗan kasuwa zai karanta sunan da ke kai ya yi tayi irin na ƙaramin gida, sunan da aka biya kuɗi don a ɓoye shi shi ne zai yanke hukunci.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda ake haɗawa da gwangwani da fata. In an ce wannan kiɗan gargajiya ne, to ga Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu a Sahara kafin Turai da Amurka su san da shi. Ba muna cewa a koma wayar birki ba ne. Shi ma yanzu Fender yake kaɗawa. Sai dai hannu ne ya jawo kayan, ba kayan ne suka yi hannun ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin majami'u da shugabannin ƙungiyoyin kiɗa, waɗanda kuɗin karo-karon talakawa suke riƙe da shi, da su raba kuɗin nan gida huɗu: matsakaiciyar jita daga waɗannan kamfanoni, na'urar sauti ta kirki, abin daidaita wuta, da ladan mai koyar da yara. In kuwa wani ya dage sai mai tsadar, to a tafi shagon da yaron da zai kaɗa ta, a naɗe kan kowace jita da ƙyalle, a jona su a na'ura ɗaya, mai dagewar ya juya baya ya nuna wadda ta ci miliyan biyu.