Daga garaji zuwa gidan kuɗi

A Maraɗi da Damagaram da Tawa akan samu magini, ko makanike, ko tela, wanda ya koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci, yana so ya aje kayan aikinsa ya nemi kujera a asusun ajiya da rance. Tambayar da ake tarbonsa da ita guda ce: ina takardar lakkol? Ya kamata a sake duba wannan tambaya.

Takarda tana da amfani, babu mai musu. Amma ita kaɗai ba ta tsare dukiya. Bankin raya ƙasa, BDRN, wanda aka kafa a 1961, ƴan boko masu manyan takardu ne suka riƙe shi. Duk da haka bashin da aka ci ba a biya ba ya durƙusar da shi, aka rufe shi a 1990. A 1991 kuwa aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, da taimakon CARE. Matan karkara ne, akasarinsu ba su taɓa shiga aji ba, suna zubi kowane mako, suna ranta wa juna, suna riƙe lissafi da ka. Tsarin ya ɗore, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya, domin kowace ta san wadda ta ba kuɗi, ta kuma san sana'arta.

Irin wannan sani ne mai aikin hannu yake tafe da shi. In mai walda ya zo neman rancen jika 500 don sayen inji, ma'aikacin da bai taɓa riƙe ƙarfe ba takardu kawai zai duba. Tsohon makanike kuwa zai je ya saurari kukan injin, ya gane ko sabo ne ko fenti aka shafa masa. Tsohon tela ya san kasuwar ɗinki tana ci kafin salla, tana mutuwa bayanta. Ba zai sa wa mai keke ranar biya cikin watan da allura take kwance ba. Tsohon magini ya san damina tana tsai da ginin ƙasa.

Sai dai akwai abin da garaji ba ya koyarwa. A can, abin da ya shiga aljihu da marece na maigida ne, yana iya ranta wa aboki ba rubutu. A asusu ko dala guda ba tasa ba ce, ta mai ƙosai ce da ta kawo ajiya. Ranar da kawu ya zo da hidimar suna, ya ce ai makulli yana hannun ɗansa, ranar ake sanin ko mutum ya sauya sana'a da gaske. Wajibi ne ya rubuta shiga da fita kullum, ya rufe littafi kafin ya rufe ƙofa, ya bar mai bincike ya ƙirga akwatinsa ba tare da ya ji an zage shi ba. Albashin farko kuma yana iya kasa abin da guduma take kawowa. Kada ya yi gaggawar sayar da ita.

Shugabannin asusu su buɗe jarrabawar lissafi ga kowa, da Hausa ko da Faransanci. Wanda ya ci, ya yi ƴan watanni yana koyo a gefen ma'aji, sa'an nan a fara aika shi wuraren aikin masu neman rance.