Shin Maganin Karkarwar Jiki Yana Cutar Da Dattawanmu?

A nan Peckham da ke kudancin Landan, mu matasa ne ke raka iyayenmu asibiti, mu ne kuma ke yi masu tafinta. Don haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun ji dattijo mai fama da cutar karkarwar jiki ta Parkinson yana cewa ba zai fara shan levodopa ba, wai idan jiki ya saba da shi zai daina aiki, ko ma ya ƙarasa lalata ƙwaƙwalwa. Wani kuma ya karɓo maganin ya jefa a aljihu, ya yi shiru.

Ita dai wannan cuta, wadda Likita James Parkinson ya bayyana a nan Landan a 1817, tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine suka riƙa mutuwa. Aikin levodopa shi ne cike wannan giɓi. Gaskiya ne bayan wasu shekaru jikin wasu masu shan sa yakan riƙa murɗewa da kansa, ko ƙarfin maganin ya ƙare kafin lokacin sake sha. Abin tambaya shi ne, laifin maganin ne ko na cutar?

Amsar ta fito daga kusa da gida. A 2014 an wallafa binciken da aka yi kan majinyata 91 a Gana, inda da yawansu suka shekara da shekaru ba su samu maganin ba, aka kwatanta su da na Italiya. Sai aka ga jinkirin bai hana su murɗewar ba; daɗewar cutar da yawan maganin da ake sha a rana su ne ke kawo ta. Haka nan a wani binciken ƙasar Holan da aka wallafa a 2019, an raba mutum 445 gida biyu, wasu suka fara nan take, wasu bayan mako 40. Da aka kai mako 80 babu wani bambancin a-zo-a-gani a tsakaninsu. Ashe mai jinkiri ba abin da ya tsira da shi sai wahala.

Inda ya kamata mu sa ido shi ne wasu magungunan daban masu kwaikwayon dopamine, irin su ropinirole da pramipexole. Binciken 2010 a Amurka da Kanada ya gano kusan 17 cikin 100 na masu shan su sukan faɗa caca, ko sayayya barkatai, ko ci ba ƙoshi, ko sha'awa fiye da ƙima. Ga shagunan caca nan a titin Rye Lane, dattijon kirki na iya ƙarar da fanshonsa, kunya ta hana shi faɗa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa matasa: kada mu bari a ɓoye magani, kada kuma a daina sha farat ɗaya, domin hakan na da haɗari. Idan halin Baba ko Mama ya sauya, a gaya wa likita ba tare da jin nauyi ba. Asibitin King's College da ke Denmark Hill, nan kusa da mu, yana da ƙwararru kan wannan cuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.