Sharhi: Shin Tiyatar Rage Ƙiba Na Da Tabbas?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba. Cikin hanyoyin magance ta, babu wadda ta kai tiyata jawo ce-ce-ku-ce.

A Najeriya, fargabar na da tushe. Mutane da dama ba su manta da rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a Sifaniya cikin watan Oktoban 2005 ba, bayan an yi mata tiyatar zuƙe kitse. Sai dai wannan aikin kwalliya ne, ya sha bamban da tiyatar da likitoci ke yi wa tumbi domin magance cuta.

A nau'in da ya fi yawa, akan yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, saboda haka kwaɗayin abinci kan ragu. A ɗaya nau'in kuwa, akan ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji.

Hujjar amfaninta na da ƙarfi. Wani bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya bibiyi mutum sama da 4,000, kuma sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna raguwar mace-mace da kusan kashi 29 cikin ɗari tsakanin waɗanda aka yi wa aikin. Ciwon suga kan lafa a jikin da yawansu, hawan jini ya sassauta. A ƙwararrun asibitoci, mutuwa sakamakon aikin ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an sallami majinyaci. Ɗinki na iya yoyo a kwanakin farko, jini na iya daskarewa a jijiya. Mutum zai riƙa shan bitamin B12 da sinadarin ƙarin jini har ƙarshen rayuwarsa, mace kuma ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Wanda ya je Turkiyya ko Indiya aka yi masa, ya dawo gida ba tare da likitan da zai ci gaba da duba shi ba, shi ne ya fi shiga haɗari.

Allurai irin su Wegovy sun zo da wata mafita, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, kuma da zarar an daina su ƙibar kan dawo.