FILIN UWARGIDA: Amarya, Ba Laifin Injin Gahawarki Ba Ne

A wannan fitowar na so mu ci gaba da maganar dambun nama da muka faro, sai ga wata wasiƙa daga Zariya wadda ta tsaya mini a rai, na ce dambu ya ɗan jira tukuna. Ga abin da 'yar uwar tamu ta rubuto, na sakaya sunanta kamar yadda ta roƙa:

"Anti, watana biyu da aure. Cikin kayan ɗakina gwaggona ta sako mini injin gahawa da ta sayo a Dubai, irin wanda ake jefa wa ɗan kafso a danna. Maigidana a Sudan ya yi karatu, ba ya iya wuni bai sha gahawa ba. Ranar da abokansa suka zo cin girkin amarya na haɗa musu, na saka kafso ɗaya na yi ta dannawa har kofin shayi ya cika. Wallahi Anti kowa kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye. Shi bai ce mini komai ba, amma tun ranar da ya idar da isha'i sai ya wuce wajen mai shayi, sai goma ta gota yake shigowa. Ko jabu aka sayar wa gwaggo?"

Allah sarki ƙanwata. Share hawayenki, ba jabu ba ne, kuma ba wata ce ta shiga tsakaninku ba. Amsar tana cikin wasiƙarki, inda kika ce kin yi ta dannawa.

Wannan inji ba a ƙera shi don cika mana manyan kofunanmu na shayi ba. Wani injiniya ma'aikacin kamfanin Nestlé a ƙasar Suwizalan, mai suna Eric Favre, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1976, aka fara sayar da injin da sunan Nespresso a 1986. Abin da ya so ya kwaikwaya shi ne gahawar mutanen Italiya, 'yar kaɗan mai kauri wadda ake shanyewa a kurɓa biyu ko uku. Garin gahawar da ke cikin kafso ɗaya bai wuce giram 5 zuwa 6 ba, wato kamar cikin cokali ɗaya. Inji yana huda kafson, ya tura ruwan zafi da ƙarfin gaske ta cikin garin, cikin 'yan daƙiƙu ya kwaso ƙamshi da daɗin duka. To daga nan fa an gama. Duk ruwan da kika ƙara turawa bayan wannan, ɗaci da bauri kawai yake wankowa, kamar ki dafa ganyen shayin jiya ki ba baƙo.

Ki duba saman injin, za ki ga wuraren dannawa biyu, ɗaya da hoton ƙaramin kofi, ɗaya da babba. Ƙaramin yana ba da mililita 40, babban 110. Ko babban bai kai rabin kofin shayinmu ba. Saboda haka in maigida mai son kofi cike ne, ga yadda za ki yi: ki danna ƙaramin sau ɗaya tak, ki ɗauke kofin, sannan ki ƙara ruwan zafi daga filas har ya kai inda yake so. Ruwan da ya bi ta cikin kafso da wanda aka zuba daga baya ba ɗaya ba ne, ki gwada ki ji da bakinki. In kuwa yana son ta da ƙarfi, kafso biyu za ki kashe, kowanne dannawa ɗaya. Kafso ba a maimaita shi, ko da tsadarsa tana ba ki tausayi.

Kafin ki saka kafson ma, ki fara dannawa da ruwa zalla ya zubo cikin kofin, ki bar shi ya ɗumama, ki zubar. Wannan yana wanke hanyar ruwan kuma yana gasa kofin, don gahawa 'yar mitsitsiya in ta faɗa cikin tangaran mai sanyi, musamman da hunturu, kafin ki kai falo ta huce. Alamar kin dace ita ce kumfa mai ruwan zuma kwance a sama.

Sai maganar ruwa, wadda mu mata ba mu cika kula da ita ba. Ruwan rijiyar burtsatse a unguwanni da yawa yana da nauyi, shi ne wanda kike ganin yana barin farin ɓawo a gindin butar dafa ruwa. Wannan ɓawon yana taruwa a cikin hanjin injin inda idonki ba ya gani, sai ki ga gahawa ta koma ɗiga ɗis-ɗis, kuma ba zafi. Ki riƙa zuba ruwan gora ko tataccen ruwa, sabo kullum, kada ki bar na shekaranjiya a tankin. Kamar duk wata uku a wanke cikin injin da maganin da ake sayarwa don haka. Kada a ce miki ruwan khal zai yi, masu injin da kansu sun hana. Kuma da kin gama ki ɗaga murfi kafson ya faɗa, ki zubar da shi, ki wanke ɗan faifan da ke tare ɗigo. Da zafin garin nan, jiƙaƙƙen kafso in ya kwana biyu a ciki fumfuna yake yi, kyankyasai kuma su mayar da wajen ɗakin haihuwa.

Madara kuwa, don Allah kada ta kusanci tankin. Ni nan da nake ba ku shawara na taɓa yin wannan aika-aikar a gidan yayata, ina aji biyar na sakandare, wai ni mai dabara zan rage wa kaina aiki. Kwana uku kicin yana tsami, har yau in mijinta zai tsokane ni injiniya yake ce mini. Ki dama madarar gari da ruwan ɗumi a gefe, ki zuba a kwalba mai murfi ki girgiza har ta yi kumfa, sannan ki juye a kan gahawar. Tunda naki maigidan ɗan Sudan ne a wajen sha, ki sani can da citta suke shan tasu. Ki barbaɗa garin citta kaɗan a gindin kofi, ko girfa, ko ki jefa kanumfari ɗaya, gahawar ta zubo a kai. Ki haɗa masa da dabino a ɗan faranti.

Lambar da ke jikin kwalin kafso, wasu suna zaton yawan sinadarin hana barci take nunawa. A'a, ƙarfin suya da ɗaci ne. Mai lamba 4 ko 5 yana da sauƙi, daga 10 zuwa sama sai gwanaye. Amma in Allah ya kawo rabo, ƙanwata, ki sassauta, don likitocin Ingila sun ce mai juna biyu kada ta wuce miligiram 200 na wannan sinadari a rana, kuma shayi da lemon kwalba mai baƙi duk suna cikin lissafin. Ku kuma 'yan makaranta masu shanta don karatun dare, na san ku, ku bari, da safe a aji za ku biya bashin.

Yanzu bari in juya kan 'yan matan da ake haɗa wa kayan ɗaki, don na lura injin nan ya fara shiga jerin abin da ake gasa da shi. Sayen injin sau ɗaya ne, kafso kuwa kullum ne. Kwalin Nespresso guda 10 ne a ciki. In maigida yana shan biyu a rana, kwali 6 ke nan a wata, ban da baƙi. Wa zai riƙa saya, kuma a wane kanti? A tambayi wannan tun kafin a ɗaura aure, kada inji ya zama adon saman kanta kamar kwanukan da ba a ci a ciki. Sannan kafson kowane inji daban yake: na Dolce Gusto ba ya shiga Nespresso, su kansu Nespresso iri biyu ne. In za ki aika kanti, ki ba ɗan aike tsohon kafso ya tafi da shi. Akwai kuma kafson ƙarfe wanda ake cikawa da garin gahawa a gida a wanke a sake, yana rage kashe kuɗi, sai dai yana son haƙuri kafin hannu ya faɗa.

Wuta ma abin dubawa ce. Injin yana jan sama da wat 1000 lokacin da yake dafa ruwa, ƙaramin janareton nan na fanka da talabijin ba zai ɗauka ba. Wanda aka sayo a Dubai irin naki ya dace da wutarmu, amma na Amurka wutar 120 yake ci, tamu kuwa 230 ce, ana jona shi kai tsaye sai hayaƙi.

To amarya, ga aikinki na daren yau. Kada ki yi masa ƙorafin mai shayi, kada ma ki ambata. Da ya yi sallama daga masallaci, kafin ya nemi makullin mashin, ki ce, "Yallaɓai, ɗan zauna ka ɗanɗana mini wannan, ka gaya mini ko ta yi kama da ta Sudan." In ya ce citta ta yi kaɗan, ki ƙara gobe. Ki rubuto mini yadda kuka yi, ina jira. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu koma kan dambunmu, ku tanadi turmi.